Jan Baƙi Da Fassara: Yadda Za Ku Koya Wa Ɗan Firamare Gane Abin Da Ya Karanta

Wata maƙwabciyata a Tudun Wada ta taɓa kawo mini ɗanta ɗan aji biyar, tana so in tabbatar mata zai iya jarrabawar shiga sakandare. Na buɗe masa shafi ɗaya a littafinsu na Turanci. Yaron nan ya zuba karatu tiryan-tiryan, ko tuntuɓe bai yi ba, uwar sai murmushi take yi. Da ya kai aya ta ƙarshe na rufe littafin, na ce masa da Hausa, "To ɗana, ba ni labarin abin da ka karanta." Ya dubi uwarsa, ya dubi ƙasa, ya maimaita jimlar farko yadda take a rubuce, daga nan ya yi shiru. Uwar ta ce, "Malama, ai kin ji ya karanta." Na ce, "Na ji, Yaya. Ya ja baƙi, saura fassara."

Mu mutanen Zariya mun san bambancin nan tun kafin boko ta zo. A tafsirin azumi akwai mai jan baƙi, akwai mai fassara. A zaurukan malamai na unguwannin Kona da Juma ɗalibi yakan karanta layi ɗaya, malam ya fassara, ya warware, ya waiwayo da tambaya, sannan a wuce gaba. Babu wanda zai ce ya sauke littafin fiƙihu don kawai bakinsa ya bi ta kan kalmomin. Amma da yaro ya sa rigar makaranta sai mu manta da wannan, mu ji yana rera Turanci mu ce an gama. Wanda ya iya karatu shi ne wanda ya haɗa aikin mutum biyun nan a cikin kansa, yana ja yana fassara wa kansa a lokaci guda.

Masana ma nan suka tsaya. A 1986 Philip Gough da William Tunmer sun bayyana fahimtar karatu a matsayin abu biyu da ake ninkawa: iya haɗa baƙi, da iya gane magana idan an ji ta. Tunda ninkawa ce, idan ɗaya ya zama sifili amsar ma sifili ce. Kuma abin ya fi ƙarfin gida ɗaya. A 2022 Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta cewa a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki, yara bakwai cikin goma 'yan shekara 10 ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su gane shi. Abin da zan shimfiɗa a nan shi ne yadda nake bi da ɗalibaina da kuma 'ya'yana, kuma bai wuce minti ashirin a rana ba.

Ku fara gano inda gizo yake saƙa

Kada ku sayi littafi ko ku nemi malamin darasin yamma tukuna. Ku ware maraice ɗaya ku yi wa yaron gwaji uku, ba tare da ya san gwaji ake yi ba.

Na farko da kunne ne. Ku karanta masa ɗan labari da Hausa, ko ku ba shi da ka, wanda bai taɓa ji ba, sannan ku ce ya maimaita wa ƙanwarsa. Ku saurara: ya kawo mutanen da ke ciki? Ya bi abin daki-daki, ko ya fara da ƙarshe? Ya san dalilin da ya sa abin ya faru?

Na biyu da baki ne. Ku ba shi shafi daidai ajinsa, ku duba agogon waya, ya karanta a bayyane na minti ɗaya. Ku ƙirga kalmomin da ya faɗa daidai, ku rubuta adadin da kwanan wata a bayan wani littafin rubutu. Wannan lambar ta gwada shi da kansa ce bayan wata ɗaya, kada a auna shi da ɗan maƙwabta.

Na uku, ya karanta wani sakin layi shi kaɗai, a rufe littafin, ya faɗi abin da ya gane da bakinsa.

Idan ya yi kyau a na kunne amma yana ta in'ina a na baki, matsalarsa haɗa baƙi ce. Idan bakinsa na gudu amma na uku ya gagara, irin ɗan maƙwabciyata ke nan, kuma yawancin abin da ke ƙasa dominsa na rubuta. Idan ko da kunne bai kama labarin ba, sai a koma hira da tatsuniya tukuna, a yawaita yi masa magana mai tsawo, a bar shi ya amsa da jimla cikakkiya.

Idan baƙin ne bai zauna ba

Ba zan daɗe a nan ba, domin Hausa ta yi mana sauƙi: kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Ku koma kan baƙi da wasali, ba be bi bo bu, sannan gaɓa biyu, sannan uku. Ku tsaya sosai a kan haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, da masu goyo irin su ts da sh da ky da gw. Yaron da bai raba baki da baƙi ba, ko kare da ƙare, ko kasa da ƙasa, zai riƙa ɓata a tsakiyar jimla bai san dalili ba.

Maganin in'ina maimaici ne. Ku zaɓi sakin layi ɗaya: ku karanta yana bi da yatsa, ku karanta tare, sannan ya karanta shi kaɗai, sau biyu ko uku. Dalilin shi ne, yaron da duk ƙarfinsa ya tafi wajen haɗa haruffa, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Sai baƙin ya daina ba shi wahala sannan hankalinsa zai sami sarari ya koma kan ma'ana.

Da wane harshe?

Da Hausa za ku fara, ko da makarantar kuɗi yake zuwa inda ake hana su yin ta. Na san iyaye da yawa a Samaru da Sabon Gari ba sa son jin wannan, suna ganin ɓata lokaci ne tunda da Turanci za a yi jarrabawa. Amma ku duba abin da muke so ya koya: ya tsaya idan bai gane ba, ya tambayi dalili, ya hango abin da marubuci bai faɗa ba, ya taƙaita. Waɗannan ɗabi'u ne na tunani, kuma yaro ya fi saurin kama su a harshen da yake mafarki da shi. In ya kama, da su zai shiga Turanci. Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta zo da batun a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa a farkon firamare, kuma ko me hukuma ta yi da wannan magana daga baya, a cikin gidanku ku ne masu iko. Ni a gidana kwana uku na Hausa ne, kwana biyu na Turanci, kuma ko a ranar Turancin da Hausa muke tattauna abin da aka karanta.

Abin da za a karanta

Abin takaici ne a ce gida a Zariya babu littafin Hausa ko ɗaya. A garin nan aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam yana editanta. A nan aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur a 1945, sannan kamfanin NNPC mai buga littattafai a 1966. Littattafan da suka koya wa Arewa karatun boko da Hausa, da yawansu daga nan suka fita. Magana Jari Ce, littafi na ɗaya zuwa na uku, ya dace da 'yan aji biyar da shida, domin labaran gajeru ne, kowanne ana iya gama shi a zama ɗaya ko biyu. Akwai tsofaffin kalmomi a ciki da yaran yanzu ba su sani ba, kuma wannan riba ce in akwai babba a kusa.

Ga yadda za ku san ko littafi ya yi wa yaro nauyi. Ya buɗe shafi ɗaya ya karanta, duk kalmar da ta gagare shi ya lanƙwashe yatsa ɗaya. In yatsu biyar suka ƙare kafin shafin ya ƙare, wannan littafin ku ne za ku karanta masa, shi kuma a nemo masa mai sauƙi. In bai lanƙwashe ko ɗaya ba, ya karanta don nishaɗi, amma a samo wani na horo.

Ga 'yan aji biyu zuwa huɗu, abin da ya fi yi mini aiki shi ne in rubuta da hannuna. Jimla takwas ko goma a kan abin da yaro ya sani, da manyan haruffa, a takarda ɗaya. Ga irin wanda nake nufi, kuma da shi zan nuna sauran aikin:

*Ranar Alhamis Inna ta ba Auta kwano da kuɗi, ta ce ya je kasuwa ya auno garin masara. Da zai fita, Kaka ta dubi gabas ta ce, "Ɗauki lema." Auta ya ce ai yanzu zai dawo, ya fice a guje. A hanya ya tarar da abokansa suna ƙwallo, sai ya tsaya. Sai da aka kira la'asar ya tuna da aiken. Ya auno garin, ya ɗora kwanon a ka, ya kamo hanya. Da ya shigo gida rigarsa tana ɗiga, garin kuwa ya zama kamar kunu. Kaka ba ta ce komai ba, ta miƙa masa tsumma. A daren nan taliya aka ci.*

Zaman minti ashirin

Ku tsayar da lokaci ɗaya. A yawancin gidajenmu yaro ya dawo boko ya wuce Islamiyya, don haka bayan magariba ko bayan cin abincin dare ya fi. A kashe talabijin, a kife waya. Ku zauna gefe da gefe a tabarma ɗaya, takardar tana tsakaninku, domin zaman fuska da fuska yakan sa yaro ya ji kamar gaban alƙali yake.

Kafin a karanta, minti biyu ko uku na share fage ne. Ku ce, "Wannan labarin wani yaro ne da aka aika kasuwa da damina. An taɓa aikenka ka tsaya wasa? Me ya faru?" Ku bar shi ya yi surutunsa. Sannan ku ciro kalma ɗaya ko biyu da kuke zaton za su tare shi, a nan wataƙila "auno" da "tsumma", ku tambaye shi ma'anarsu. Kada su wuce uku, in ba haka ba zaman ya koma darasin ƙamus.

Sai karatu, shi ne zai karanta. A nan akwai abin da nake roƙon iyaye su jure: idan ya yi kuskure, ku ƙirga biyar a zuci kafin ku yi magana. Sau da yawa yaro zai kai ƙarshen jimlar ya ji abin bai zauna ba, ya koma da kansa. Wannan komawar ita ce abin da muke nema gaba ɗaya. In kuka riga shi gyarawa, kun koya masa cewa lura da ma'ana aikin wani ne. Idan ya wuce bai lura ba, ku ce, "Tsaya, abin da ka faɗa ya yi ma'ana kuwa? Sake dubawa."

Ku tsayar da shi sau biyu a tsakiya. Bayan "ya fice a guje", ku rufe sauran da tafin hannu ku ce, "Me kake gani zai faru?" Duk abin da ya ce ku karɓa, amma ku bi shi da, "Me ya sa ka ce haka?" Bayan "ya kamo hanya" ku sake yi. Yaron da ya yi hasashe yana da abin da yake jira, don haka zai karanta sauran da ido buɗe ya ga ko ya canka.

Wani lokaci ku karɓi karatun ku yi tunaninku a fili ya ji. Misali: "Kaka ta dubi gabas. To me ya kai ta duban gabas? Bari in ci gaba, wataƙila zan gane. Ta ce a ɗauki lema. Af, hadari ta gani." Yara da yawa ba su san cewa mai karatu yana magana da kansa haka ba. Suna zaton manya suna kallon takarda ne ma'ana ta faɗo musu. Sai sun ji ku kuna ruɗewa kuna warwarewa za su san cewa ruɗewa ba abin kunya ba ce, kuma tana da mafita.

Bayan an gama, a kife takardar. Ya ba da labarin da bakinsa tukuna, sannan tambayoyi. Tambayoyin hawa uku ne, kuma a nan ne yawancin atisayen auna fahimta da nake gani a littattafan yara suke tsayawa a hawa na farko.

Hawa na farko amsarsa tana kwance a takarda. Wace rana aka aiki Auta? Me aka ce ya sayo? Wa ya ce ya ɗauki lema? Biyu ko uku sun isa. Yaro mai wayo yana iya cin irin waɗannan duka ba tare da ya gane komai ba, ya nemo kalmar da ke cikin tambaya, ya kwafe jimlar da take ciki. Haka ɗan maƙwabciyata ya kai aji biyar yana cin maki.

Hawa na biyu shi ne zuciyar aikin, inda amsar ba a rubuce take ba, sai an haɗa wannan da wancan. Me ya jiƙa rigar Auta? Ku lura, babu kalmar ruwa ko hadari ko ɗaya a labarin. Dole yaro ya ɗauko lema, ya ɗauko duban gabas, ya ɗauko rigar da ke ɗiga, ya ƙulla su. Me ya sa Kaka ta dubi gabas, ba yamma ba? Wannan sai wanda ya san cewa a ƙasarmu daga gabas hadari yake tasowa. Me ya sa aka ci taliya? Me aka yi niyyar ci da farko? Kowace amsa ya bayar, daidai ko kuskure, tambaya ta gaba ɗaya ce: "Nuna mini inda ka gani." A buɗe takardar ya sa yatsa a kan hujjarsa. Idan kuka ɗauki wannan jimlar kaɗai daga duk abin da na rubuta, kuka riƙa faɗa wa yaro ita kullum, za ku ga canji.

Hawa na uku ra'ayinsa ne. Me ya sa Kaka ta yi shiru? Shirun nan ya fi faɗa zafi ko bai kai ba? Da kai ne Auta, me za ka ce wa Inna? Wace karin magana ce ta dace da labarin? Wata yarinya ta taɓa ce mini, "Malama, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba." Wadda ta kawo wannan ta gane labarin har ƙasansa, ko ba a tambaye ta komai ba bayan haka.

A rufe zaman da abu biyu. Ya taƙaita labarin a jimla ɗaya, kamar zai faɗa wa wanda ke kan babur yana shirin tafiya. Da farko zai so ya faɗi komai, sai ku ce, "Ya yi tsawo, rage." Zaɓen abin da za a bari da wanda za a zubar aiki ne mai wuya, kuma sai a hankali. Sannan ku juya kujera: shi ne malam, ya yi muku tambaya biyu, ɗaya mai sauƙi, ɗaya wadda amsarta ba ta cikin takarda. Wannan salon na karɓa-karɓa tsakanin babba da yaro, da hasashe da tambaya da warware abin da ya shige duhu da taƙaitawa, Annemarie Palincsar da Ann Brown sun gwada shi da ɗalibai a Amurka suka wallafa a 1984, kuma har yau ana aiki da shi. Yara suna son sa ƙwarai, musamman in suka samu tambayar da ta sa Baba ya yi jim.

Ƙananan kalmomin da ke kayar da yara

Ku koma kan jimlar nan: "garin kuwa ya zama kamar kunu." Na sha ganin yaro ya karanta ta da nufin gari na mutane, wato unguwa ta cika da taɓo. Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, shi ya sa gari na tuwo da gari na zama suke fitowa iri ɗaya a takarda. Haka fari: launi ne, ko rashin ruwan sama, ko farko, ko ƙwarin da ke cinye amfanin gona? Haka wuya, na jiki da na wahala. Mai karanta Hausa dole ya riƙa duban maƙwabtan kalma kafin ya san yadda zai furta ta. Ku mai da wannan wasa: ku rubuta jimla biyu da kalma ɗaya, "Wandonsa fari ne" da "Bana an yi fari", ya karanta, ya faɗi abin da ya nuna masa bambancin.

Sai wakilin suna. "Ta miƙa masa tsumma." Wa ta miƙa? Wa aka miƙa wa? A gajeren labari da sauƙi, amma inda mata biyu ko maza uku suke cikin sakin layi ɗaya, yara da yawa a nan suke sakin zare. Ku ba shi fensir ya ja layi daga kowane "ya" da "ta" da "su" zuwa mai shi.

Na ƙarshe su ne mahaɗai: amma, saboda, sai dai, duk da haka, kafin, bayan. Ku fara jimla ya ƙarasa. "Auta ya ji maganar Kaka, amma..." "An ci taliya saboda..." "Kafin Auta ya je kasuwa..." Ana iya yin wannan a hanyar makaranta ko ana wanke-wanke, ba sai da takarda ba.

Abin da yaro ya sani kafin ya buɗe littafi

A 1988 Donna Recht da Lauren Leslie sun ba ɗaliban ƙaramar sakandare a Amurka labarin wasan besbol su karanta. Waɗanda karatunsu ke da rauni amma sun san wasan, sun fi gwanayen karatun da ba su san shi ba gane labarin. Haka abin yake ko'ina. Ɗan Zariya zai gane duban gabas na Kaka, yaron da ya tashi a Ingila ba zai gane ba ko ya fi shi iya karatu. Shi kuma namu in aka ba shi labarin dusar ƙanƙara ko jirgin ruwa sai ya tsaya cak.

Saboda haka duk abin da ya faɗaɗa sanin yaro horon karatu ne. Ku kai shi ya ga ganuwa, ku nuna masa Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana, ku gaya masa amfanin ƙofa a garin da aka kewaye. In kun bi ta inda ake hango dutsen Kufena, ku ba shi labarin Sarauniya Amina. Ku tsaya a gadar Kubanni da rani, ku sake tsayawa da damina, ku tambaye shi ina ruwan ya tafi, daga ina kuma ya dawo. A hawan Sallah ku faɗa masa sunayen abin da yake gani, lifidi da algaita da kakaki da alkyabba. In an dawo gida ya faɗa muku abin da ya gani, ku rubuta da kalmominsa, gobe ya zama abin karantawarsa. Kuma kada karatun ya tsaya kan labarai kawai: a haɗa da bayani a kan yadda ake noman masara, yadda sauro ke kawo zazzaɓi, yadda jirgin ƙasa ke tafiya, domin irin wannan rubutun ne zai tarar a littattafan kimiyya da zamantakewa.

Ranar Turanci da batun jarrabawa

Tsarin zaman bai canza ba, sai dai share fagen ya fi tsawo, domin kalmomin da bai sani ba sun fi yawa. Bayan kowane sakin layi ya faɗi ma'anarsa da Hausa, da jimlarsa shi, ba kalma bayan kalma ba. In ya iya wannan ya gane. Daga nan ku taimaka masa ya mayar da amsar cikin Turanci mai sauƙi. Ku tabbatar ya san abin da kowace kalmar tambaya ta Turanci take nema, wacce ke neman mutum, wacce wuri, wacce lokaci, wacce dalili, domin na ga yara da suka gane labari sarai suka faɗi saboda an tambayi dalili sun ba da wuri.

Ga 'yan aji shida masu shirin jarrabawar shiga sakandare, irin wadda hukumar jarrabawa ta NECO ke shiryawa ta makarantun tarayya, ko kuma ta jiha, a wata ukun ƙarshe ku kawo tsofaffin takardun tambayoyi. Ya karanta labarin sau ɗaya, ya karanta tambayoyin, ya sake komawa labarin. A tambaya mai zaɓi, ya fara soke waɗanda ya tabbata ba su ba ne, kuma wadda ya zaɓa ya nuna layin da ya dogara da shi. Amma kada takardun nan su cinye zaman kullum. Sau biyu a mako ya isa.

Uwar da ba ta yi boko ba

Ke ma kina da rabin aikin a hannunki, kuma babban rabi ne. Ki ce ya karanta miki, ke kuma ki yi tambayar wadda take son ta ji labari da gaske: "To sai aka yi yaya? Me ya sa ya yi haka? Ban gane nan ba, sake faɗa mini." Yaron da ya saba yi wa uwarsa bayani dole ya gane kafin ya buɗe baki. Tatsuniyar dare ma ki dawo da ita. In kin kai inda Gizo ya shirya wa Ƙoƙi wata dabara, ki tsaya ki ce, "Me kuke gani zai yi?" Kacici-kacici kuwa horo ne na gano abin da aka ɓoye a bayan magana, daidai da tambayar hawa na biyu. In akwai yaya ko anti mai sakandare a gidan, ita ta riƙe ɓangaren takarda, ke ki riƙe na baki.

Bayan wata ɗaya

Ku sake gwajin nan uku da sabon shafi mai nauyi irin na farko, ku rubuta sakamakon a ƙarƙashin na baya. Ban da adadin kalmomi, ku duba alamun da lamba ba ta nunawa: ya fara tsayawa da kansa ya ce bai gane ba? Ya fara dariya a inda labari yake da ban dariya? Muryarsa tana sauka a aya, tana tashi a alamar tambaya?

Bulala da tsawa ba su da wuri a wannan zaman. Yaron da ke tsoro hankalinsa yana kan fuskarku, yana neman amsar da za ta kuɓutar da shi, ba ya kan takarda. Ranar da kuka gaji ko ranku ya ɓaci, ku karanta masa kawai ya saurara, a tashi.

Idan an yi wata uku ana zama a kai a kai babu motsi, ku duba jikinsa. Yaron da ke kai takarda dab da hanci, ko yana runtse ido, ko yana kukan ciwon kai bayan karatu, a kai shi a auna idonsa. Wanda sai an maimaita masa magana, ko kunnensa ya taɓa yin ruwa, a duba jinsa. Asibitin koyarwa na Shika yana da sashen ido da na kunne. Akwai kuma yaran da kaifin hankalinsu lafiya lau, magana a bakinsu kamar manya, amma haruffa suna rikice musu shekara da shekaru. Irin wannan yana bukatar a koma da shi kan sauti da harafi a tsanake, kaɗan-kaɗan kullum, a ci gaba da karanta masa littattafan ajinsa da baki don kada a bar shi a baya wajen sani. Ku je makaranta da littafin nan da kuke rubuta sakamako a ciki, ku nuna wa malamin ajinsa kwanan wata da lambobin, ku tambaye shi abin da yake gani a aji, ku daidaita abin da za a riƙa yi a can da wanda za ku riƙa yi a gida.